Rigar Kalgon Badaru

Akwai wata magana game da Badaru mai zuma da duk garinmu Dudunni mutum uku ne suka sani, kuma yau zan fasa ta. Amma ku dakata, sai kun san mutumin tukuna.

Badaru ya haura hamsin, dogo ne siriri, in ya tsaya cikin gona sai ka ɗauka karan dawa ne aka manta ba a yanke ba. Matarshi ta rasu da daɗewa. Tun bara yake neman Turai mai daddawa, bazawara, ita kuwa ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a.

Shi dai duniyarshi ganye. Ba ya shiga daji da kofi, ganyen kalgo zai naɗe ya sha ruwa. In ƙishi ya matsa, ya tauna ɗanyen ganyen tsamiya. Igiyarshi kaba, malafarshi kaba, na rantse da ana yin babur da kaba da tuni ya saƙa. Ko zuma zai ɗiba, ɗanyen ganye yake turara wa ƙudan har su yi laushi.

To, da daminar nan ya tafi duba amyoyinshi can bayan Rimaye, aka sheƙa ruwa, rafi ya cika ya tare shi. Kwana da kwanaki shiru. Da ya dawo, labarin da ya ba majalisa shi ne: ya kafa bukka da rassan geza, ya ci yaɗiya har ta gundure shi, ya murza ganyen bedi, wato darbejiya, a jiki don sauro, ƙafar da ya yanke ya tauna sabara ya manna. Duk gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne dalilin da ya shigo gari cikin rigar da ko gwiwa ba ta kai mashi ba.

Na ce ba zan mutu ban sani ba. Ran Laraba da la'asar na ga ya nufi ƙofar gidan Turai, sai na zagaya bayan danga na durƙusa cikin ciyawa.

"Malam Badaru," in ji Turai, "yau kuma da yadi aka zo? Ina shaddar daji?"

"Haba Turai, rufa mani asiri."

Ashe da zai haye rafin, tuɓewa ya yi ya ɗaure kayan a ka, ruwa ya kwashe ƙunshin gaba ɗaya, har da wando. Bawan Allah bai tsaya kuka ba. Ya tsinko kalgo manya-manya, ya tsaga kaba, ya ɗinke abinshi tun daga ƙugu har ƙauri, ya ƙara da 'yar shara. Da ruwa ya janye ya biyo cikin gero yana sanɗa. Ita kuwa Turai ta fito tsinkar ganyen ƙunshe daddawa, ta hango kalgo mai kyau, ta miƙa hannu, sai kalgo ya yi mata sallama! Ta jefa mashi mayafi, ta ruga ta aro rigar ƙanenta.

"Wallahi na zaci aljani ne," ta ce tana dariya. "Aljani mai gemu."

"To yanzu mi kika yanke? In kunyar nan ta sa kin fasa, faɗa mani in san inda na nufa."

"Wace kunya? Ni ɗinkin na duba. Ko ɗaya bai warware ba, ka tako tun daga Rimaye. Mutumin da daji ya tuɓe shi ya fito da sutura, halan ni zai bari tsirara? Turo magabatanka wurin Yaya Jafaru."

Nan fa na so in yi guɗa, amma ƙafafuna suka ɗau wuta. Na sosa, na ƙara sosawa, danga ta kama rawa. Sai ga kan Badaru ta sama, yana leƙo ni.

"Zuhura, tashi daga nan. Ganyen da kika zauna a kai ko akuya ba ta raɓar shi. Zagayo in ba ki abin shafawa, tunda dai kin riga kin ji komai."