Ragon da ya kashe min shafi

Shekarun baya, ina zaune a Agege, na koyi rubuta manhaja wata shida kacal, amma kaina ya riga ya kumbura. Kawuna yana sayar da raguna a kasuwar Alaba Rago, sai na ce zan haɗa masa shafi a waya: hoton kowane rago, nauyinsa, har da tsawon ƙahonsa, tunda mutanen Legas ƙaho suke fara kallo. Kawu ya bi rumfa rumfa yana cewa ɗan ƙanwarsa injiniya ne.

Saura kwana huɗu Sallah, wani Alhaji Bayarabe da ke saya wa ma'aikatansa raguna ashirin ya zo. Da safiyar ranar mota ta sauke sababbin raguna, na shigar da su cikin shafin a gurguje. Kawu ya hana Alhaji shiga taɓo, ya ba shi kujera, ya miƙa masa waya yana taƙama.

Shafi ya fito fari fat. Ko akuya babu.

"Oga, ina ragunan?" in ji Alhaji.

Kawu ya juyo. "Injiniya, sun tsinke igiya ne?"

Na tsuguna kan buhun dusa da kwamfuta, Alhaji na duba agogo, ga maƙwabcin kawu ya fara matsowa da nasa ragon. Can na gano: cikin sababbin akwai rago ɗaya marar ƙaho. Ni kuma na umarci manhajar ta je kan kowane rago ta ɗauko tsawon ƙaho, ban ce ta fara duba ko akwai ƙahon ba. Da ta laluba ta ji wayam, sai ta yi zuciya ta zubar da garken gaba ɗaya.

Maganin kuwa, alamar tambaya ce guda da zan saka a rubutun manhajar bayan kalmar ƙaho, ma'ana: in akwai, auna, in babu, wuce. Na saka, raguna suka dawo. Alhaji ya zaɓi ashirin ɗinsa, kawu ya sauke numfashi.

Har yau ba na sa manhaja ta auna abu sai ta fara tambaya ko abin yana nan, kuma kunyar ranar ba ta sake ni ba. Marar ƙahon babu wanda ya taya shi. Daren Sallah kawu ya damƙa min igiyarsa a gaban jama'a, ya ce, "Riƙe malaminka."