Notin da Na Cire Daga Aljihun Malam

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya tsufa a aikin filin jirgi, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgi ba. Aikinsa a ƙasa yake. Kullum ana idar da sallar asuba zai hau kekensa ya ratsa gonaki har ya kai shingen waya. A can shi da abokan aikinsa sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, su bi titin da jirgi ke gudu a kai tun daga farko har ƙarshe, kowa kansa a sunkuye, suna tsince tsakuwa da guntun waya da murfin kwalba da gawar tsuntsu. Mutanen garinmu suna yi masa tsiya, wai an ɗauke shi roron gyaɗa a kan kwalta. Shi kuwa sai ya ce tsakuwa ɗaya, in injin jirgi ya zuƙe ta, ta isa ta zaunar da gari guda makoki.

Suna da doka. Tsakuwa a bokiti ake zubawa. Ƙarfe kuwa hannu da hannu ake miƙa wa shugabansu, a faɗi inda aka tsince shi, domin ƙarfe ba ya tsirowa a kwalta. Mai yiwuwa daga jikin wani jirgin ya faɗo, kuma sai masu gyara sun gan shi da ido suke gane na wane ne, a tsayar da jirgin a duba. Na san wannan dokar sarai. Ina so a rubuta cewa na san ta.

A daminar da zan ba da labari, gero ya fara fitar da kai, ana tsakiyar kwasar alhazai. Jirage suna wucewa ta saman ɗorawar gonarmu ƙasa-ƙasa, har kwanukan da na jera a ɗaki suna kaɗawa. 'Yata ta fari ta dawo gida da tsohon ciki. Haihuwa biyu ta yi kafin wannan, duka biyun ba su kai suna ba, ga shi kowannensu an ajiye masa wuƙa a wajen kansa kamar yadda muka gada, don ƙarfe ya kore masa iska.

Naƙuda ta zo mata da tsanani da sassafe, aka aika wa Malam. Ya iso a gigice, jikinsa duk laka. Kafin azahar 'yata ta sauka, ta haifi mace. Ungozomar garinmu, tsohuwa ce mai bakin tsiya, ta ga na ɗauko wuƙar nan sai ta ce, "Ke, mayar da ita. Wuƙar da aka yi gadi da ita sau biyu ɓarawo ya shiga, ita za ki sake ba wa gadi? Nemo ƙarfen da bai san gidan nan ba."

Da la'asar na ɗauki wandon aikin Malam zan wanke, sai na ji abu a aljihu. Noti ne, irin ƙarfen da ake murɗawa a ɗaure inji, fari tas, mai rami a tsaka, yana da nauyin da ya fi girmansa. Na tsaya da shi a tafin hannuna. Na san inda ya fito. Na ce a raina, ƙarfen da ya sauko daga sama ai babu iskar da ta san shi. Na zura masa zare, na ɗaure a gefen zanin jaririyar ta ciki.

Kafin magariba na ga Malam yana zazzage aljihunan wandon a kan igiya.

Ya ce, "Ba ki ga wani ɗan ƙarfe ba? Ina tsintarsa ɗan aike ya zo, na jefa a aljihu na manta."

Na ce, "Wane irin ƙarfe kuma, Malam? Yau ta ƙarfe muke yi?"

Ya ce, "Ki tuna dai. Jirgi uku ne suka tashi da alhazai bayan na baro."

Na ce ban gani ba. A daidai lokacin jaririyar ta yi kuka a ɗaki, na shige na bar shi tsaye.

Washegari ya je ya faɗi gaskiya da bakinsa. Aka duba jiragen da ke ƙasa, ba a ga inda noti ya fita ba. Aka aika wa waɗanda suka tashi, su ma aka ce lafiya. Shugabansu ya yi masa faɗa, ya ce da ya kawo ƙarfen da magana ta ƙare a minti ɗaya. Malam ya bi hanyar kekensa a ƙafa, tun daga shingen waya har ƙofar gida, yana buɗe ciyawa da sanda. Kwana uku yana yi. Ni kuwa ina cewa a raina bari a yi suna in ba shi. Aka yi suna, yarinya tana nan da ranta. Na ce bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, sai na ga in na fito da shi yanzu, me zan ce wa mutumin da na kalli idonsa na yi masa ƙarya? Na kwance notin na jefa cikin wani kwanon sha mai murfi, na tura can ƙarshen jere.

Babu jirgin da ya faɗi, amma Malam bai koma daidai ba. Yakan ce, "Noti ɗaya ba ya kayar da jirgi ran da ya fita. 'Yan uwansa ne ke ɗaukar nauyinsa har su gaji." In jirgi ya taso ta kan gona, sai ya saki fartanya ya bi shi da ido, bakinsa yana motsi, har ƙarar ta mutu. A ɗaki kuwa, duk sanda jirgi ya wuce, notin nan sai ya yi ta rawa a cikin kwano, ƙir-ƙir-ƙir, kamar haƙorin mai jin sanyi. Sau da yawa Malam yana zaune a bakin ƙofa hakan ke faruwa. Sai in kama tari, ko in buga muciya a tukunya.

Da ya bar aiki, ya mayar da gindin ɗorawa wurin zamansa. Ciwon ajali ya kama shi shekara huɗu da suka wuce. Ran da zai cika, da rana tsaka, yana kwance a ɗaki idonsa a rufe, wani jirgi ya wuce. Ya ce, "Ya sauka?" Na ce, "Ya sauka, Malam." Ya ce, "Ba shi ba ne. Saura ɗayan." Kwanon yana bayan kansa, bai fi kamu uku ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai kalmar shahada na iya laƙƙana masa.

Bayan na fita takaba abin ya sauya. Notin ya fara kaɗawa ko babu jirgi. Da la'asar sakaliya, gari shiru, kaji suna kiwo a tsakar gida, sai in ji ƙir-ƙir-ƙir. In fito in duba sama, babu komai sai shirwa. Na cire shi na ɗaure a bakin zanina, na yi ta yawo da shi.

Jaririyar nan ita ce take rubuta wannan maganar yanzu, malamar makaranta ce. Da na gaya mata, sai ta ce, "Inna, tashi mu kai musu kayansu."

Muka je filin jirgin. A ƙofa wata mai kaki ta shafa mini wata sanda a jiki, tana zuwa ƙuguna sandar ta ƙwala ƙara. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, me kika ɓoye mana? Ko bindiga ce?" Na kwance bakin zani. Ban taɓa fito da shi a gaban mutane ba sai ranar. Na ce mata na titin jirgi ne, mijina ya tsinta, ni na hana a miƙa. Dariyar ta ɗauke. Ta zaunar da mu a benci, ta aika aka kira wani dattijo cikin masu gyara.

Dattijon ya san Malam tun shi kansa yana sabon shiga aiki, ya yi masa addu'a. Ya karɓi notin ya juya shi sau biyu, ya leƙa ramin.

Ya ce, "Inna, wannan ai ba na jirgi ba ne. Na motar yankan ciyawa ne, wadda ke bin gefen titi da damina."

Na ce, "Ɗana, sake dubawa."

Ya ce, "Ko yaron da ya fara aiki jiya zai gane. Da Baba ya kawo shi a ranar, da dariya za a yi masa ya koma gida."

Na yi kuka a kan bencin nan har mai kakin ta kawo mini ruwa. Duk da haka suka karɓe shi, suka rubuta, don doka ce.

Da muka dawo na wuce gindin ɗorawa, inda gindin kujerarsa ya bar rami a ƙasa. Na durƙusa na ce, "Malam, duk sun sauka. Babu saura. Ni na ɗauka, ka yafe mini." Ganye ko motsi bai yi ba.

Kwanon yana nan a ƙarshen jere, babu komai a ciki, na sha buɗewa ina dubawa. Jiya da la'asar muna zaune da jikata, ta ajiye biro ta ɗaga kai ta ce, "Inna, kin ji?" Na ce na ji. Ta fita ta duba sama, ta dawo ta zauna tana kallon kwanon.