Mai Shayin da Aka Kawo Wa Baba

Ba zan taɓa manta ranar da labarin ƙanena ya iso mana ba. Ina tankaɗe a tsakar gidanmu na unguwar Mardjandafak wani maƙwabci ya yi sallama, ya ce an tsinci gawarsa a hanyar Lamadji, an gudu da babur ɗin da yake haya da shi.

Ana cikin zaman makoki sai ga samarin unguwa sun jawo wani mai shayi, mutumin Nijar, hannuwansa a ɗaure, bakinsa yana jini. Wai an ga wayar marigayi a wurinsa. Baffana, ƙanin Baba, shi ne a gaba.

"Yaya, kalas, magana ta ƙare, ya amsa laifin da bakinsa. Mu kai shi komisariya, wurin 'yan sanda, ka ce shi ne."

Ina leƙowa daga zaure. Baba malami ne, 'yan kasuwa sun daɗe suna kawo masa rigingimunsu, amma ran nan shi aka yi wa rashi. Ya sa aka kwance mutumin, aka ba shi ruwa, ya zaunar da shi a kan tabarmar da yake zaune.

"Kafin duka ya amsa, ko bayan duka?" in ji Baba.

Sai ya juya wajen samarin, ya sake tambaya:

"Wa ya gan shi da idonsa yana aikata kisan?"

"Wayar fa, Yaya?" in ji Baffana.

Mai shayin ya ce saye ya yi a bakin kasuwa. Baba ya ce a shari'a abin da sanda ta fitar daga bakin mutum ba iƙirari ba ne, waya kuma yawo take daga hannu zuwa hannu. "Yau ni ne mai ƙara. Kawo hujja a wuyana yake, kuma ba ni da ita. Ba zan ɗora jinin ɗana a kan ɗan wani don zuciyata ta yi sanyi ba."

Da kansa ya raka shi komisariya, ya faɗi iya abin da ya sani, har da dukan. Bayan bincike aka sake shi.

A lokacin abin ya yi mini nauyi. Yanzu da Baba ya rasu, babu abin da nake kewa kamar muryarsa mai sanyi tana tambaya a hankali, alhali idonsa ya yi ja don kuka. A wurinsa na koyi cewa zafin rashi, komai girmansa, ba ya zama shaida a kan kowa.

Har yau ba a gano wanda ya kashe ƙanena ba.