Goggo da Sabulu Mai Jirgi

A duk faɗin unguwarmu ba a taɓa yin mai riƙon amana kamar Goggo ba. Ita ta fara faɗin haka, mu kuma muka ɗauka. Ta rabu da maza biyu, ta canja gida sau huɗu, amma shekara talatin ba ta canja sabulu ba.

Yayar babana ce, sana'arta wanki da guga. Bahuna uku gare ta, da igiyar shanya daga bakin ƙofa zuwa jikin famfo, da sabulu Mai Jirgi, wanda ake naɗowa a jar takarda da hoton jirgin ruwa. Takan ce ko an ɗaure mata ido, hancinta zai ware shi cikin sabulai ɗari. Masu kawo mata kaya sun yarda, har sukan shinshina riga a gabanta don ta ji daɗi.

Shekara tara da suka wuce kamfanin ya yi sabon salo. Aka cire jirgin, aka sa koriyar takarda da wata mata mai dariya, rediyo na ta cewa kumfa ya ƙaru. Goggo ta shinshina sau ɗaya ta mayar. Ta ce matar da ke dariya haka ba ta taɓa wanke kwalar riga ba.

Mai shagon bakin layi ya kwantar mata da hankali. Ya ce yana da hanyar samo na asali, ita kaɗai zai riƙa ajiye wa. Sai dai ta riƙa dawo masa da takardun, don kamfani na tara su za a raba kyauta. Goggo ba ta yin abu rabi. Da reza take buɗe kowace, ta bi ta da dutsen guga, ta kai masa a miƙe.

Bana kamfanin ya nemi tsofaffin masu saye don talla. Ni na rubuta musu, da yake ni ne mai boko a gidan. Goggo ta gaya wa kowa za a gan ta a talabijin, ita da hancinta.

Mutanen kamfanin suka zo su biyu da kyamara. Ta ɗauko sabulunta ta riƙe a ƙirji. Babban cikinsu ya karɓa, ya juya shi, ya buɗe, ya duba tambarin da ke jikin sabulun.

"Mama, wannan ai sabon ne. Wancan mun daina shi tuni."

"Ɗan nan, yaushe aka haife ka?"

Ya faɗa mata. Ta ce to tun kafin nan take wanki da shi.

Aka kira mai shago. Bai yi musu ba, shi ke naɗe mata sabon a tsohuwar takarda. Ya ce shi dai bai so ta shiga damuwa ne, kuma in an duba, ai ba ta taɓa barin kamfanin ba. Mutumin kamfani ya ce wannan gaskiya ne, har ya rubuta a littafinsa. Amma kyamarar ba su kunna ba.

Na tambayi mai shago takardu nawa ya tara a shekara taran.

Goma sha biyu ne. Su ke ta zuwa suna dawowa.