Fararen Tsakuwoyin Morup

Morup ba ya hawa dutse sai da fararen tsakuwoyi a aljihun ƙirjin rigarsa. Shi ne mai maganin ƙauyenmu, kuma ba mutum ne mai daɗin zama ba. Shekara sittin muna maƙwabtaka, gaisuwarmu ba ta cika kaiwa ƙarshe ba.

Dimok yake nema, tsiron nan mai gashi-gashi da jar saiwa, wadda ake soyawa da man shanu a shafa wa ƙuna. In ya tarar da gindi biyar, ɗaya zai haƙa, ya mayar da ƙasa, ya ɗora farar tsakuwa. Wato a bar wurin ya huta shekara bakwai. Duk kwarin nan an san haka.

Da hanyar mota ta iso, fatake suka fara neman saiwar buhu-buhu. Paldan, ɗan ƙanwarsa, shi ya lura cewa fari yana ɗaukar ido a kan jan dutse. Bazara biyu kawai aka yi, ya haƙe duk inda aka ɗora tsakuwa, ya sayar wa fatake.

Morup ya tare shi a bakin gada.

"Kai, ɓeran dutse, wa ya nuna maka wurarena?"

"Kai mana, Kawu. Har alama ka sa mana. Sannu da ɗawainiya."

"Da saiwar nan na warkar da ƙafarka, ranar da ka taka murhu."

"To ga ƙafar tana hawa dutse. Magani ya yi kyau."

Aka yi dariya. Ina wurin. Ni ban yi ba.

Daga baya Morup ya samu gindi uku a wani kwazazzabo, ya tara irinsu, ya gyara fili a bayan gidansa, ya roƙi a sa shi cikin rabon ruwa. Taron gari ya ce ruwan ƙanƙarar da ke narkowa daga kan dutse na sha'ir ne, ba na ciyawa ba. Waɗanda ya yi wa 'ya'yansu magani su ne a sahun gaban masu ƙi.

Ranar ya kulle akwatin maganinsa. Mai tari ya yi ta tarinsa.

Sai ya ɗauki diga, ya fara haƙa magudana don janyo ruwa daga wani ɗan marmaro a saman gari, shi kaɗai, yana zagin duk wanda ya yi masa sannu. Ya rasu kafin ƙasa ta daskare. Paldan ne ya gaji gidan, ban kuwa tambaye shi inda jakar irin take ba. Magudanar tana nan, saura taku arba'in ta kai filin.