Lemon tsamin wurin alwala

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba mai ɗinkin hula na Zaitawa, Allah ya jiƙansa. Bai bar mana gona ba, bai bar kanti ba. Ya bar mana gida, da 'yar tsakar gida wadda tabarma uku ke cika ta, da bishiyar lemon tsami guda. A kan bishiyar nan nake son yin magana, don bara saura ƙiris mu rasa ta da hannunmu.

Baba bai taɓa kiran tsakar gidan nan lambu ba, kuma da wani ya kira ta haka da ya yi masa dariya. Dabararsa ɗaya ce: ba ya kai ruwa wurin shuka, shuka yake kaiwa wurin ruwa. Gindin randa, inda moɗa ke ɗiga, ya sa na'ana'a da ɗoɗɗoya a fasasshiyar tukunya. Ƙarƙashin indararo zogale. Jikin katanga lalle, saboda mu mata. Daga soro zuwa ƙofar ɗakin mahaifiyarmu Hajiya ya jera faffaɗan duwatsu da ya riƙa ɗaukowa a bayan kekensa daga wajen Goron Dutse, don kada a taka caɓi da damina. Kafin ya binne su sai da ya sa Hajiya ta yi tafiya yana dubawa. Ya ce takun mai zani zai bi, ba na mai wando ba.

Lemon kuwa a bakin wurin alwala ya dasa shi. Ya aje dutse, ya karkata ƙasar yadda duk ruwan da ya zubo daga buta zai gangara gindinsa. Sabulu ba ya zuwa wurin, kowa ya sani. In ya ga ganye ya ɗan yi yaushi sai ya dube mu ya ce, "Yau wa ya ci bashin salla a gidan nan? Ga shi bishiya ta kawo ƙara." Mu yi ta rantse-rantse, shi kuma yana murmushi, allura a baki.

Ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa sayarwa ba. Mai mura ya aiko, mai jego ta aiko, masu shayi su aiko. Wata rana na yi ƙorafi, don ni tun ina yarinya bakina ba ya shiru, na ce mutanen unguwa sun mai da mu kasuwa. Ya ce, "Rabi, ni ba ni da halin gina masallaci, ba ni da na haƙa rijiya. Wannan ita ce sadakata. In na tafi ku bar ta ta ci gaba da yi mini aiki."

Bayan rasuwarsa babban yayanmu, Yaya Sani, ya gyara gidan. Ya sa tanki, ya ja famfo, kowane ɗaki da banɗakinsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, Hajiya ma ta huta. Zamani riga ne. Amma a hankali lemon ya fara ja da baya. Ganye ya yi rawaya, 'ya'yan suka ƙanƙance, reshen yamma ya bushe ƙayau. Muka ce tsufa ne. Ranar da aka tuna a watsa masa bokiti, ranar da aka manta shi ke nan. Maƙwabta suka rage aike, daga baya suka daina.

Sai ga daminar bara. Hajiya ta zame a tsakanin duwatsun nan, ta bugu a ƙugu, ta daɗe a kwance. Hankalin Yaya ya tashi ƙwarai. Ya ce tubalin daɓe na intalok zai shimfiɗe tsakar gidan da shi daga bango zuwa bango, a tumɓuke komai, har da lemon. Na taso daga gidana ko mayafi ban gyara ba.

"Yaya, wasiyyar Baba fa?"

"Baba cewa ya yi a bar bishiya mai 'ya'ya. Wannan itacen girki ne. Ko so kike sai Hajiya ta karye?"

Wallahi gaskiya ya faɗa. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na zauna a bakin gadon Hajiya ina hawaye. Ita kuwa tana jinmu tun ɗazu, carbi a hannu. Sai da muka gaji ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Bishiyar nan ba tsufa ta yi ba, ƙishi take ji. Sau biyar take sha a rana tun tana ƙarama, kuka kwashe alwalarku kuka shige da ita ɗaki." Ta juya wajen Yaya. "Kai kuma yi mini hanyar da ba zan faɗi ba, amma ka kai ni har gindinta."

Haka aka yi. Yaya ya sa aka shimfiɗa hanya mai faɗi, ba tudu ba kwari, daga soro zuwa ɗakuna, da reshe ɗaya zuwa wurin lemon. Aka bar ƙasa a buɗe kewaye da gindin. Ya ja famfo zuwa can, ya gina ɗan dakalin zama, duwatsun Baba aka yi wa lalle da zogale iyaka da su. Da Hajiya ta miƙe, nan ta koma yin alwalarta. Matar Yaya ta bi, ba don an ce mata ba. Shi kansa gogan, da ya ce itacen girki ne, yanzu can za ka gan shi da asuba yana naɗe hannun riga, kuma ba na barinsa ya manta da maganar nan tasa.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce in ya leƙo unguwar yau. Gida-gida an daɓe tsakar gida da siminti, ƙasa ba ta da bakin shan ruwa, ana yin ruwan sama kaɗan lungu ya cika. Da ya ga ciyawar roba da na gani a wani gidan biki, na san sai ya tsuguna ya shafa ta, ya tambaya me akuya ta yi musu. Amma famfon nan zai so shi. Hanyar Yaya ma zai so ta, ko da yake sai ya sami inda zai ce an karkace. Ba mutum ne mai faɗa da sabon abu ba, ɓarna ce ba ya so.

Bishiyar ba ta koma yadda take ba. Reshen da ya bushe an sare shi, ta zama mai gefe ɗaya. Amma bana ta yi fure, ta yi 'ya'ya, kuma aike ya dawo. Hulunan da Baba ya ɗinka sun tsufa a kawunan masu su, kekensa ban san inda ya ƙare ba. Abin da ya rage nasa yana aiki shi ne wannan, kuma ni ya ishe ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina gidan, wata baƙuwa da suka tare a lungunmu kwanan nan ta yi sallama, ɗanta na fama da mura. Hajiya ta sa aka tsinko mata cikin hannu biyu, ta ce, "Ba kuɗi, 'yar nan. Ki dai yi wa mai ita addu'a."

"To Hajiya, ya sunansa, in sa shi a ciki?"

Hajiya ta buɗe baki, sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma shekara goma sha ɗaya a kabari ba su cire mata wannan kunya ba. Ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Ke Rabi, faɗa mata."