Abin da Mai Wanka Ya Gani

Ni na yi wa ƙanena wanka. A ƙauyenmu, kusa da Kajiji, ni ake kira idan namiji ya rasu, tun da mahaifinmu ya bar mini aikin. Abu ɗaya ya riƙa nanata mini kafin ya rasu: abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci amana ce, ko matarsa ba ta ji.

Ƙanen nawa albasa yake nomawa. Ranar kasuwar Shagari ya ɗora buhu a babur, wasu masu kaki suka tare shi a hanya suka tafi da shi. Da suka dawo mana da gawarsa, suka ce yana kai wa 'yan bindiga rahoto ne, kuma zazzaɓi ya kashe shi a hannunsu. Da na zuba ruwa na juya shi, sai na ga bayansa. Zazzaɓi ba ya barin shatin bulala, ba ya karya haƙarƙari, ba ya yanka wuyan hannu da igiya. Na gama, na sa masa likkafani, na kama bakina.

Maganar masu kakin ta zauna a gari. 'Ya'yansa mata aka fara kiran su ɗiyan infoma. Matarsa ta daina zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da babu kowa.

An daɗe a haka, sai wata lauya ta zo daga Sakkwato. Ta ce an kafa kwamitin bincike, kuma ban da ni babu wanda ya ga jikin. Na ce mata zan yi tunani. Ni kuwa mutum ne mai wasiwasi, alwala ma sai na maimaita. Abinci ya ƙi shiga. In na faɗa, na ci amanar mamaci. In na yi shiru, sunan nan ya bi yaran har girmansu.

Matata ba ta san abin da ke cina ba, amma ta gaji da ganina haka, ta ce in tafi Bodinga wajen wani tsohon liman, abokin karatun mahaifinmu. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na fara da cewa wai wani mutum ne ya aiko ni da tambaya. Ya yi dariya, ya ce mutumin nan ya san shi, shi ne ya taɓa tambayarsa ko haɗiye miyau yana karya azumi.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ni ne.” Na gaya masa damuwata ba tare da na siffanta jikin ba.

Ya ture faifan gefe. “Ɗana, asirin mamaci anka ce ka ruhe. Ƙanenka shi ya bugi kansa? To wanga ba asirinsa ba na, na waɗanda sunka buge shi na.”

Duk da haka sai da na tambaye shi iyakar abin da zan faɗa. Ya ce abin da duka ya taɓa kawai.

A gaban kwamitin na fara zubo magana da sauri. Lauyar ta miƙo mini ruwa, ta ce in bi a hankali, babu mai korata. Na faɗi baya, haƙarƙari da wuyan hannu, ban ƙara komai ba. Dillalin da ke sayen albasarsa ma ya zo ya yi shaida, alhali an gargaɗe shi.

Kwamitin ya ce duka ne ya kashe shi, kuma ba a samu wani laifi a kansa ba. Maigari ya faɗi haka a bainar jama'a bayan Juma'a. Har yau ban ji an hukunta kowa ba. Ina yawan bugo wa lauyar waya ina tambaya, kuma ba ta taɓa nuna mini gajiya ba. Allah ya saka mata, ita da dillalin, da tsohon da ya yi mini dariya kafin ya warware mini.

Kwanaki da safe na hango matar ƙanena a rijiya cikin mata, suna gardama a kan wa zai riga jefa guga.